Langata Tana Japan

Mu shida ne a gidan ranar. Akwai ni, Safiya. Akwai ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa, Likita kowa ke ce masa tun da ya zama GP, da matarsa Bilki. Akwai 'yarsu, takwarata, da ake kira Ummi don ubanta ba zai ƙwala wa sunan uwarsa kira a cikin gida ba. Akwai Maman Dauda, maƙwabciyarmu 'yar Zonkwa, nas ce, ita ma tana cikin nata azumin na coci, shi ya sa muke haɗa shan ruwa in ba ta wurin aiki. Ta shida wata doguwar Baturiya ce, Emili, ƙawar Ummi a uni, wato jami'a, wadda ta shigo da robar abinci a hannu, ta tsaya a ƙofa ta rusuna min kamar mai neman allura a ƙasa.

Azumin bana a ƙarshen sanyi ya faɗo. Ruwan Manchester ba ya tsawa, ba ya tayar da ƙamshin ƙasa, yayyafi ne marar zuciya da zai wuni yana jiƙa mutum. Azumi kuwa zagayawa yake, bayan shekara talatin da ɗoriya sai ya dawo ya same ka a irin lokacin da ya bar ka. Tun da aka ga wata nake jin Birmingham a gwiwoyina.

Maganar da ke gidan a makon ɗaya ce. Ummi Japananci take karanta, kuma makarantarsu za ta tura su Japan su yi shekara guda. Ana jiran amsarta kafin mako ya ƙare. Uban yana so, uwar tana tsoro, sai suka yi abin da suka saba, suka ɗora min. Likita ya ce, "Duk abin da Hajiya ta ce, shi ke nan." Tun daga ranar yarinyar take kawo min ruwan zafi na alwala ba tare da na tambaya ba.

Da aka sha ruwa Emili ta buɗe robarta. Curin shinkafa ne mai kusurwa uku, an naɗe gindinsa da baƙin ganye mai kama da takarda. Da hannunta ta yi. Na ɗauki ɗaya, na ci, gishirin ya yi kaɗan. Sai ta shiga zuba. Ina jin Turanci fiye da yadda suke zato, mayarwa ce ba na yi. Wai Japananci kamar ruwa ne yana gangara a kan duwatsu. Wai akwai wani sauti a cikinsa, tsakanin ra da la, wanda harshen Bature ba ya kamawa, ita kullum sai ta tsaya gaban madubi tana gwadawa. Wai in ta gama wannan, yaren Koriya za ta shiga, saboda finafinansu. Ta ce Ummi kuwa tun ranar farko malaminsu ya yaba bakinta.

Maman Dauda ta sunkuyo ta ce, "Hajiya, kin ji wahalar da mutum ke zuwa ya nema da ƙafarsa."

Na ce, "Ummi, gaya wa ƙawarki in ra take nema ta zo kicin ta riƙa cewa rariya tana tace min kamu."

"Granny, please."

"Wane filis? Ke da ina wuni ke fito miki ta hanci, yau ke ce mai bakin da ake yabo."

Aka yi dariya, har da Baturiyar da ba ta ji komai ba. A raina na riga na sauko. Yarinyar tana da kunya, tana salla, kuma nesa ba ta taɓa ba ni tsoro ba, ni da aka ɗauko daga Garko aka ajiye a Ingila.

Sai Emili ta tashi tafiya, za ta kama bas zuwa Ardwick inda ɗalibai ke zama. Ina kallo daga kujerata. Ummi ta ɗauki robar, ta wanke ta da sabulu, ta goge ta da tawul har tana ƙara, ta rufe, ta miƙa mata da hannu biyu, suka rusuna wa juna suna wasu kalmomi masu daɗin ji. Ga ƙosai ya rage a faranti. Ga dabino, ga kunu rabin flas. Robar ta fita daga gidan ɗana wayam, iska ce kawai a ciki.

Da aka rufe ƙofa na ce, "Ba za ta je ba."

Likita ya ajiye kofinsa. "Hajiya, in abincin ne, akwai halal a can, mun yi checking."

"Na ce ba za ta je ba."

Bilki ta sunkuyar da kai, ban sani ba ko murna take ɓoyewa. Ummi ta tsaya da tawul a hannu, idonta ya kawo ruwa, ta haura sama. Maman Dauda ta biyo ni kicin tana tattara kofuna.

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ki ga robar ba?"

Ta ce, "Na gani. Na ɗauka ni kaɗai na gani. Amma Hajiya, a kan roba?"

Maman Dauda ta san kwano ba ya komawa wayam, a Zonkwa ma haka ne. Abin da ba ta sani ba shi ne ƙasar da ake shirin tura yarinyar, ni na san mutuniyar can guda ɗaya, kuma ta ishe ni.

A wancan azumin, shekara talatin da ɗoriya baya, muna unguwar Balsall Heath ne a Birmingham, ni da maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ya zo ƙaro karatun akanta. Yara mun bar su gida wurin kakarsu. Ɗaki ɗaya muka kama a hawa na tsakiya na wani tsohon gida da bangonsa ke gumi, in ka jingina sai rigarka ta jiƙe. Kicin ɗaya ne a ƙasa, na kowa da kowa. Mai gidan wata Baturiya ce mai kare, Misis muke ce mata. A saman kanmu kuma akwai wata 'yar siririyar mata mutuniyar Japan da mijinta, shi yana fita tun duhu ya dawo da duhu, ita tana tafiya a matakala ba ka jin takunta.

Ranar da muka fara haɗuwa a kicin ta nuna ƙirjinta ta ce, Fumiko. Na nuna nawa na ce, Safiya. Ta maimaita, Safiya, daidai, kamar a Garko aka yi mata wanka. Ni ma na faɗi nata, ta ɗaga gira. Misis kuwa har muka bar gidan Sofi take ce min, ita kuma Fiyumi. In Fumiko ta fita shago, 'ya'yan Misis da abokansu sai su ja gefen idonsu da yatsa, su bi ta suna cin-con-can. Ni nawa rabon kukan biri ne. 'Ya'yan irin waɗannan yaran ne yau ke tsayawa gaban madubi.

Alawus ɗin Malam ya tsaya daga gida a lokacin, sai muka ɗaure ciki. Hita ba a kunna ta sai ya dawo. In ya fita bayan asuba sai in yi wanki da ruwan da ke yanka yatsa, in shanya a kicin, kayan su kwana su wuni ba su bushe ba, su ɗauki warin man da Misis ke suya da shi. Daga nan in naɗe a bargo, in sa safar Malam a hannu, in zauna ina jan carbi. A gida ƙishirwa ce ke wahalar da mai azumi. A can ko ruwa ba ka tunawa, yunwa ce ke bin sanyi ta shige cikin ƙashi, tun kafin azahar ka ji kana rawa daga ciki.

Dukiyata duka tana cikin wani gwangwanin madara babba da surukata ta cika min: kuka, daddawa, tsamiya, garin kunu, yaji. Wake da shinkafa ana samu a shagon wani Bapakistane a bakin titi, amma waɗannan in sun ƙare sun ƙare. Da ɗan yatsa nake ɗiba.

Ranar farko ta azumi na yi abin da kowace mace ke yi. Ba turmi, sai na jiƙa wake na murje shi da kwalba a kan katako, na soya ƙosai, na zuba a langata mai fure, na haura sama na ƙwanƙwasa. Na ce, "Ga shi, ba yawa." Ta karɓa da hannu biyu tana ta rusunawa. Washegari langata ta dawo da lemo guda uku a ciki, an jera su kamar za a ɗauki hoto. Na ce madalla, matar nan 'yar mutane ce. A nan ya kamata magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Da rana tsaka sai ga ta da nata kwanon, na itace, baƙi a waje, ja a ciki, da murfinsa, ba nauyi kamar ƙwarya. A ciki wani romo ne ruwan ƙasa mai warin daddawar da ba ta nuna ba. Ta miƙo, ta faɗi wasu kalmomi, ta tsaya tana jira in ɗanɗana. Na nuna mata bakina, na girgiza kai. Fuskarta ta faɗi. Na ja ta taga in nuna mata rana, ranar ma babu ita a sama, gajimare ne kamar tsohon bargo. Ƙarshe sai na kai ta gaban takardar masallaci da Malam ya manna a bango, mai lokutan shan ruwa. Ni ban iya karanta ta ba, fitilun titi nake jira su kama. Ita ta duƙa ta duba lambobin, ta duba agogonta, ta ce, aa.

Daga ranar, duk yammacin da Malam bai dawo ba, in lokaci ya yi sai in ji ƙwan-ƙwan-ƙwan daga sama, tana buga dabe da sandar tsintsiya. Ladanina ke nan a wancan azumin, matar da ban san abin da take bauta wa ba. Na kuma nuna mata naman aladen Misis na girgiza kai, ba ta sake kawo min abin da ya wuce shinkafa da ganye da kifi ba.

To, kwanonta yana hannuna, kuma ba zai koma wayam ba. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka da daddawar da nake tattali, na cika shi har murfin ba ya zama, don kada a ce matar Malam marowaciya ce. Ta buɗe, ta ga ya cika, sai na ga kamar ta tsorata. Washegari ga kwanon ya sake saukowa da abin da ya fi na jiya. Ni kuma na ce au, gasa ce? Na mayar da shi a cike, na haɗa da langata. Haka langa da kwano suka riƙa saɓani a matakala, wannan na hawa wancan na sauka.

Abin haushin, ba mai son abincin wani. Ta kawo min wasu 'ya'yan itace jajaye, jiƙaƙƙu, masu tsami da gishiri, na sa ɗaya a baki bayan wunin azumi sai da kunnena ya yi ƙara. Daga yadda take riƙe da kwalbarsu na gane daga gida ta taho da su, kuma sun kusa ƙarewa. Na cinye, ina hawaye ina godiya. Ita ma na taɓa hango ta a kicin ta ɗago cokalin miyar kuka, miyar tana bin cokalin, ta rufe ido ta haɗiye. Da ta gan ni ta ce wani abu da murmushi, ta ƙara cokali.

Malam ya gaji. Ya leƙa gwangwanin ya ce, "Safiya, mu muna shan kunu tsararo kamar ruwan wanki, ke kina ciyar da Japan. Ki wanke kwanon nan ki mayar mata, ai ba Bahaushiya ba ce, ba za ta san komai ba."

Na ce, "Malam, lemo uku ta sa a langata. Ta sani."

Ya ce Allah ya kyauta, ya koma kan littafinsa da bargo a ka.

Ba wahala ce kawai ba. Da ta ga ina murza wake da kwalba, ta sauko da wani ɗan turmin ƙasa mai zane-zane a ciki, ta riƙe min gindinsa ina niƙa. In hannuna ya gaji mu canja. Muna yi tana magana da yarenta, ina ba ta amsa da Hausa, in ba ta labarin yaran da na baro, ita ma ta faɗi nata, ba mai jin wani, kuma ba mu fasa ba. Misis ta shigo ta same mu ta ce wa karenta wani abu, ta fita.

A goman ƙarshe gwangwanin ya kai ƙasa. Tsamiya ta ƙare, na koma matsa lemon tsami a kunu. Daddawa saura ƙamshi a jikin leda. Na kankare abin da ya rage na yi miya, na aika sama a langa, mu muka sha ruwa da shayi da burodi. Washegari da la'asar ta sauko da langar. Ba nauyi. Na ce a raina, to, yau ta gaji, ta dawo da ita wayam, na huta. Da na buɗe sai na ga tsinken ashana 'yan kaɗan, an ɗaure su da jan zare, an kwantar a kan farar takarda.

Raina ya fara ɓaci, miyar kuka a mayar min da ashana. Sai na dube ta. Ta rame ita ma, leɓenta ya tsage. Ta haɗa babban yatsa da manuni ta nuna min, kaɗan. Ta nuna langar, ta nuna kwanonta da ke kan tebur, ta sake nunawa, kaɗan. A nan na gane ɓarnar da muka yi wa juna wata guda. A wurinsu abin da ake sakawa a kwanon da za a mayar ɗan kaɗan ne, don magana ta rufu. Ni kuwa duk cikawar da nake yi sabuwar kyauta nake ɗora mata, dole ta rama. Na zauna a kan matakala na yi dariya har cikina da ba komai ya yi ciwo, ita ma ta zauna tana rufe baki da hannu. Da ashanarta na kunna gas a yammacin. Na mayar mata da kwanonta da dabino biyu a ciki.

Ranar Salla na aika mata da shinkafa da miyar kaza a langa. Kwana kaɗan bayan nan ta sauko da kwanon da curin shinkafa a ciki, ta faɗi kalmomin nan nata, ta naɗe hannuwana a kansa ta riƙe. Da safe na ji mota a ƙofa, na leƙa, ana loda akwatuna. Aikin mijin ya ƙare. Ta ɗago langata ta nuna min ta tagar mota, ta rungume ta a ƙirji. Ban san garinsu ba, ban san sunan ubanta ba. Kwanon ya bi ni gida uku a Birmingham, ya biyo ni nan Cheetham Hill a Manchester bayan rasuwar Malam, kuma ban taɓa barinsa wayam ba, ko dabino ne sai na sa.

Irin mutanen da za a tura wa jikata ke nan, ta je da bakin da malami ya yaba, ta miƙa musu roba wankakkiya.

Washegari bayan sallar asuba na jiƙa wake. Da gari ya waye na haura na buga ƙofarta da sandata.

"Takwara, sauko."

Ta sauko da kumburarren ido. Na sa ta cire bawon waken da hannu, ta markaɗa, ta yanka albasa, ta soya, ina tsaye a kanta, ƙamshi yana dukan mu duka biyu da azumi a baki. Na ɗauko kwanon Fumiko, na juye dabinon da ke ciki. Ta karɓa ta juya shi, ta dubi ƙasansa, ta dube ni.

"Granny, a ina kika samu wannan?"

"Langata tana Japan, ta riga ki zuwa. Zuba. Kada ki cika, rabi ya isa. Ƙawarki za ki kai wa, jiya kin sallame ta da iska."

Kunnenta ya yi ja.

Na ce, "In kin miƙa, ga abin da za ki ce." Na faɗi kalmomin yadda na ajiye su shekara talatin da ɗoriya. "Tsumaranai mono des ga."

Cokalin ya tsaya a hannunta. "Wa ya koya miki? Granny, ai tsofaffi ne kawai ke faɗin wannan yanzu."

"To ni yarinya ce? Me yake nufi?"

"Ba ki sani ba?"

"Da na sani zan tambaye ki?"

Ta yi tunani, tana neman Hausar. "Kamar a ce, ga shi, ba wani abin kirki ba ne. Ba yawa."

Na juya na rage wutar gas, na daɗe ina rage ta.

Ta ce, "In Emili ta dawo da shi empty fa? Ba ta san wannan ba."

"Sai ki sake zubawa ki kai mata, har ta gane. Kina da watanni kafin ki tafi."

"Kafin in tafi?"

"Kurma ce ke? Rufe kwanon, ƙosai na hucewa."

Likita yana saukowa da jakarsa zai tafi aiki, na ce masa ya ba makarantar amsa yau, za ta je. Ya fara tambaya, na ce ya wuce marasa lafiya na jiransa. Sannan na naɗe kwanon a ɗankwali, na ɗaura mayafina a kan rigar sanyi, na ɗauki lema, na bi ta zuwa tashar bas cikin yayyafin, don ban yarda za ta riƙe shi daidai har Ardwick ba.